“Nawa Ka Samu a Ta Huɗu?”: Ranar Lissafi da Makonnin Jira a In Amguel

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makarantar da ake jarrabawar Bak a rana ta biyu, wajen tsakar rana, ya san abin da za mu yi magana a kai. Ƙofa tana buɗewa, yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ido ya yi ja, yatsu sun yi shuɗi da tawadar biro. Kafin yaro ya nemi ruwan sha, kafin ma ya waiwayi mahaifinsa da ke raɓe a inuwar katanga tun hantsi, sai ka ga ya nufi abokinsa da takardar tambayoyi a hannu, yana cewa: “Kai nawa ka samu a ta huɗu?” Nan da nan a yi da'ira. Wannan ya ce shi biyu ya samu, wancan ya ce rabi, wata ta dafe kai ta ce ta manta alamar ragi. Cikin minti biyar yaron da ya fito yana murmushi ya koma kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa.

Ranar lissafi ke nan. A tsarin Bak na ƙasar Aljeriya, wanda ake yi kwana biyar a jere cikin watan Yuni, an saba sa lissafi a safiyar rana ta biyu, da ƙarfe 8:30, sa'an nan a dawo da ƙarfe 3 na yamma a yi Ingilishi. 'Ya'yan In Amguel, garin nan da ke kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 130 arewa da Tamanrasset, takarda ɗaya suke fuskanta da 'ya'yan birnin Aljas da Wahran da Kusantina, a sa'a ɗaya, ba ragi ba ƙari. Ƙidayar 2008 ta nuna mutanen gundumar ba su wuce 4,208 ba. A wuri irin wannan babu ɗalibin Bak da ba a san gidansu ba, kuma sakamakonsa ba nasa ne shi kaɗai ba: mai shago ya san da shi, limamin unguwa ya san da shi, gwaggo da ke Arlit ko Agadas ma tana jiran waya.

Gidajen da ke jin Hausa a wannan yanki, waɗanda fatauci ko aikin lambu ko auratayya ya kawo su daga kudu, suna da wani nauyi na daban a wannan rana. Ɗansu ya tashi da Hausa a ɗaki, ya ji Tamahak da Larabcin kasuwa a waje, ya yi karatu da Larabcin littafi a aji. In an zo lissafi kuwa, bayanin yana tafiya daga dama zuwa hagu da Larabci, alamomin suna tafiya daga hagu zuwa dama da haruffan boko, duk a layi ɗaya. Uban da ya yi lakwal a Tawa ko Damagaram da Faransanci yakan ɗauki littafin ɗansa ya gane alamomin amma bai gane tambayar ba. Uwar da ta yi karatun allo ta karanta tambayar amma alamomin su gagare ta. Saboda haka idan yaro ya dawo ya ce, “Na lalata lissafi,” ba su da abin da za su auna maganarsa da shi. Sai su gaskata, gida ya yi tsit.

To, wannan magana ta “na lalata” ita muke so mu ɗan tsaya a kanta, domin sau da yawa ba gaskiya ba ce, ko da yake yaron ba ƙarya yake yi ba.

Yadda ake raba maki

Da farko, takardar lissafi ta Bak tana zuwa da jerin tambayoyi iri biyu, ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Abin dariya ne, amma kowace shekara sai an samu yaran da suka tayar wa juna hankali a bakin ƙofa, can daga baya su gane cewa wannan jeri na farko ya ɗauka, wancan na biyu. Ta huɗun wannan ba ita ce ta huɗun wancan ba.

Na biyu, kuma shi ne babba: mai duba takarda ba amsar ƙarshe kaɗai yake nema ba. Kowane jeri galibi tambayoyi huɗu ne, maki 20 duka, babbar cikinsu tana ɗaukar wajen maki 7. Amma kowace tambaya an yanyanka ta gunduwa-gunduwa, kuma takardar rabon maki da hukumar jarrabawa ta ƙasa, wato ONEC, take bai wa malamai tana raba makin ne rubu'i-rubu'i da rabi-rabi a kan matakan aiki. Wanda ya kafa hanya daidai, ya kawo ƙa'idar da ta dace, ya bi ta, sa'an nan ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, abin da ya zubar bai fi rubu'i ko rabin maki ba. Bugu da ƙari, tambayoyi da yawa ana gina su ne da cewa “nuna cewa abu kaza daidai yake da kaza,” wato an riga an ba ɗalibi amsar, domin in ya kasa wannan mataki ya iya ɗaukar ta ya ci gaba da na gaba. A bakin ƙofa kuwa ba wanda ke kwatanta matakai. Lamba ɗaya tak ake jefa wa juna, kuma lambar nan ita ce mafi arha a cikin takardar.

Na uku, wa ya ce abokin ne ya yi daidai? Wanda ya fi ɗaga murya a da'ira ba lalle ne shi ya fi sani ba. Haka kuma amsoshin da ke yawo a Facebook da WhatsApp sa'a ɗaya bayan fitowa, wasu na malamai ne masu ƙoƙari, wasu na masu neman a yi ta duba shafinsu ne, kuma ko malamin kirki yakan yi kuskure in yana gaggawa. Sa'an nan ƙwaƙwalwar wanda ya zauna sa'a uku da rabi, ko huɗu da rabi in ɗan sashen lissafi ne, ba abin dogaro ba ce: yaro yakan rantse ya rubuta ragi alhali tarawa ya rubuta.

Bari mu yi lissafin da yaran ba sa yi. Kowane darasi yana da nauyinsa, abin da ake kira coefficient da Faransanci. A tsarin da aka yi Bak ɗin 2024 da shi, ɗan sashen kimiyyar gwaji yana da nauyi 5 a lissafi, 5 a fizik, 6 a ilmin halittu, jimillar nauyin darussansa kuwa 30, in ba ya cikin masu rubuta Tamazight. Ma'ana, maki ɗaya da ya zube a lissafi yana rage matsakaicinsa da 5 cikin 30, wato wajen 0.17. Ko maki biyu cur ya zubar, abin da ya ragu 0.33 ne daga cikin 20. Ga wanda ke tsaye a kan 12 ko 13, wannan bai kai shi ko kusa da bakin rami ba, tun da 10 ake nema. Ɗan sashen adabi da falsafa kuwa, nauyin lissafinsa 2 ne kacal.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Ingilishin da za a shiga da ƙarfe 3 nauyinsa 2 ne ga ɗan sashen kimiyyar gwaji. Yaron da ya ƙi cin abinci, ya ƙi kwanciya, ya shafe tsakanin azahar da la'asar yana juya tambaya ta huɗu a ransa, in ya shiga da ruɗaɗɗen kai ya zubar da maki biyar a Ingilishi, ya yi asarar da ta yi daidai da maki biyu na lissafi. Ya biya bashin sau biyu ke nan, na farkon ma wataƙila ba a bin sa. Ga sauran kwana uku a gaba, da darussa masu nauyi a cikinsu.

Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda rabin makin nan yake yanke musu hukunci. Wanda ke rawa tsakanin 9.9 da 10, da wanda ke harin karatun likita, ko manyan makarantun lissafi da ƙirƙirarriyar basira da aka buɗe a Sidi Abdellah a 2021, inda ake duba makin lissafi daban bayan matsakaici, su kam damuwarsu tana da tushe. Kuma iyayen da suka san tsarin Nijar su lura: can wanda ya samu tsakanin 8 da 10 yana da zagaye na biyu da zai ceci kansa, a Aljeriya kuwa babu wannan ƙofa. An dai sassauta ma'aunin cin jarrabawa zuwa 9 a 2020 saboda annobar korona, da 9.5 a 2021 da 2022, amma a 2023 aka koma 10. Sai dai ko ga mai tsaye a bakin gaɓa, takarda ta riga ta shiga ambulan. Kwatanta amsa ba ya ƙara mata ko ɗigo.

Abin da tsoro ke yi wa ƙwaƙwalwa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane cewa tsoron lissafi wani ciwo ne mai zaman kansa, dabam da rashin iyawa. Tun 1972 wasu masana biyu a Amurka, Richardson da Suinn, suka tsara ma'aunin auna shi. Binciken da ya biyo baya, musamman na Mark Ashcraft, ya nuna yadda abin yake aiki: lissafi yana buƙatar mutum ya riƙe lambobi da matakai a ransa lokaci guda, wurin riƙon kuwa ƙarami ne, kamar tafin hannu. In fargaba ta shigo ta zauna a tafin, sai lambobin su zube. Shi ya sa za ka ga yarinyar da ta warware tambaya a gida cikin minti goma ta zauna a ɗakin jarrabawa tana kallonta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

A 2011, Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago suka gwada wani abu mai sauƙi: suka sa ɗalibai su ɗauki minti goma kafin jarrabawa su rubuta abin da ke damunsu a takarda. Masu yawan fargaba da suka yi haka sun fi takwarorinsu da ba su yi ba samun maki. Wannan dabara ba ta cin ko dinari ɗaya, kuma ta dace da tsakar ranar lissafi: yaro ya rubuta abin da yake ganin ya ɓata, ya ninke takardar, ya ba uwarsa ajiya har ranar Alhamis. Wani binciken kuma na 2015, daga wannan jami'a, ya kamata iyaye su ji shi ko da ba daɗi: yaran firamare da iyayensu ke tsoron lissafi, kuma suke yawan zama taya su aikin gida, sun fi koyon tsoron fiye da lissafin. Uban da ke yawan cewa, “Mu gidanmu ba a iya lissafi,” gado yake rabawa tun yana da rai. Abin mamaki, sau da yawa mai faɗin haka ɗan kasuwa ne da ke juya dinari zuwa sefa, sefa zuwa naira a ka, ba tare da ya taɓa alƙalami ba.

Kuma wace ƙasa ce za ta ce lissafi baƙo ne gare ta? A Bijaya, nan gaɓar tekun Aljeriya, Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lambobin da duniya ke aiki da su yau, kafin ya rubuta littafinsa a 1202. Daga namu ɓangaren kuma akwai Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Gaskiya ne a gwajin PISA na 2015 ɗaliban Aljeriya sun samu 360 a lissafi alhali matsakaicin ƙasashen OECD 490 ne, amma wannan magana ce ta yadda ake koyarwa, ba ta jini ba.

Waya a aljihu, kurkuku a kusa

Akwai wani ɓangare na wannan al'ada ta musayar amsa da ya wuce batun ɓacin rai, kuma wajibi ne kowane gida ya san shi. A 2016 tambayoyin Bak suka fita a Facebook kafin lokaci, har aka tilasta wa ɗaruruwan dubban ɗalibai sake rubuta wasu darussa daga 19 zuwa 23 ga Yuni, cikin azumin Ramadan, a zamanin minista Nouria Benghabrit. Daga nan aka shiga toshe shafukan sada zumunta a kwanakin jarrabawa, a 2018 ma aka riƙa katse intanet a faɗin ƙasar a farkon kowace takarda. Sai kuma doka mai lamba 20-06 ta watan Afrilu 2020, wadda ta mai da yaɗa tambayoyi ko amsoshi kafin jarrabawa ko ana cikinta laifin ɗauri: shekara 1 zuwa 3, da tarar dinari 100,000 zuwa 300,000. In an yi ta hanyar waya ko intanet, hukuncin yana hawa zuwa shekara 5 har 10. In abin ya jawo soke jarrabawa, yana iya kaiwa 15. Ɗalibin da aka kama da maguɗi kuma ana hana shi sake zama shekara biyar, in mai zaman kansa ne shekara goma.

A lura da kalmar “ana cikinta.” Kwatanta amsa bayan an tashi ba laifi ba ne. Amma yaron da ya gama da wuri, ya fito, ya ɗauki hoton tambayoyi ya tura wa rukunin abokansa alhali wasu suna ciki, ko yayan da ke gida ya warware ya tura da niyyar taimako, sun taka wuta ba su sani ba. Ga iyalin da takardun zamansu ba su gama daidaita ba, irin wannan shari'a ba ta tsayawa a kan yaro shi kaɗai. Ya fi sauƙi waya ta kwana a akwatin uwa har a gama.

Sai jira

Ranar Alhamis a ajiye biro, sai a shiga abin da wasu iyaye ke cewa ya fi jarrabawar wuya. A 2024 an rubuta daga 9 zuwa 13 ga Yuni, sakamako bai fito ba sai 18 ga Yuli. A 2025 an rubuta daga 15 zuwa 19 ga Yuni, aka sanar 20 ga Yuli. Kusan mako biyar ke nan. A 2024 ma Babbar Salla ta faɗo kwana uku bayan kammalawa, kowane baƙo da ya shigo gaisuwa, da nama a hannu, sai ya tambaya, “Yaya jarrabawa? Za a ci dai ko?” Mai tambaya alheri yake nufi, amma yaron da aka yi wa ita sau ashirin a wuni ɗaya ya san nauyinta.

Jinkirin yana da dalili, kuma dalilin abin kwantar da hankali ne. Ana kwashe takardu zuwa cibiyar da ake cire sunaye a sa lambobin sirri, sa'an nan a kai su wata cibiyar dubawa. Malamai biyu ne ke duba kowace takarda, kowa ba tare da ya ga makin ɗan'uwansa ba, in kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa a kira na uku. Mai dubawa bai san ko ɗan In Amguel ne ko ɗan wani minista ba, bai san yaren gidansu ba, bai san launin fatarsa ba. Masu zama jarrabawar sun haura 800,000 a shekarun nan, dole abin ya ɗauki lokaci.

Kate Sweeny ta Jami'ar California da ke Riverside ta bi diddigin ɗaliban lauya da ke jiran sakamakon jarrabawarsu wata huɗu, ta ga cewa fargaba ta fi tsanani a farkon jira da kuma dab da ƙarshensa, kuma abin da ya fi rage ta shi ne aikin da ke cinye hankali gaba ɗaya, ba zama ana cewa “daina tunani” ba. Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun san a tura yaro lambu. A In Amguel ba a rasa abin yi a Yuni da Yuli: ban ruwa a lambunan bakin kwari, tsaron shago, rakiyar mota zuwa Tamanrasset, komawa makarantar allo a ƙarasa abin da aka ajiye saboda Bak. 'Yan mata ne aka fi mantawa a nan, domin su suna cikin gida, aikin hannu yana tafiya amma zuciya tana can a tambaya ta huɗu. Uwa ta lura da wadda ta daina ci, ko ta daina barci, ko ta fara cewa ita ba ta da amfani. Wannan ba shagwaɓa ba ce, kuma in ta daɗe, ko ta kai ga maganar gajiya da rayuwa, a kai ta wurin likita ba tare da jin kunya ba.

Ya kamata kuma a yi maganar faɗuwa tun kafin ranar, a natse, ba ranar ba cikin hayaniya. A 2023 kashi 50.63 cikin ɗari ne suka ci, a 2024 kashi 58.28, a 2025 kashi 51.57. Wato kusan kowane gida biyu da suka kai ɗalibi, ɗaya zai kwana ba guɗa. Wanda bai samu ba yana iya maimaita aji in majalisar malamai ta amince, ko ya sake zama a matsayin mai zaman kansa, ko ya bi karatu daga nesa ta hukumar ONEFD, ko ya shiga cibiyar koyon sana'a. Yaron da ya ji wannan daga bakin mahaifinsa a watan Yuni, cewa ko yaya ta kasance nan ne gidansu kuma ga abin da za a yi, ba ya danna waya a watan Yuli da irin rawar hannun wanda bai ji ba. Haka yake ga ƙannensu masu jarrabawar BEM, waɗanda ma suna da wata sassauci: wanda bai kai 10 ba a jarrabawar, ana haɗa makinsa da na shekara a raba biyu, in ya kai 10 ya wuce lise.

Ranar sakamako dai an san yadda take. Ana liƙa sunaye a makaranta, ana sa su a shafin hukumar, ana kuma samunsu ta danna *567# a layin Mobilis ko Djezzy ko Ooredoo. Wajen la'asar layi ya cushe, saƙo ya ƙi shiga, a sake dannawa, ƙanne su kewaye mai waya, kaka tana daga ɗaki tana tambaya ko ya zo. Bayan an ga matsakaici sai a nemi takardar maki darasi-darasi, kuma a nan ne yaro ke ganin abin da aka ba shi a lissafi. Malaman da suka daɗe a aji za su gaya maka cewa ba kasafai lambar ke yin daidai da wadda aka ƙiyasta a bakin ƙofa ba, wani ta fi, wani ta gaza. In kuma ka tambayi yaron a ranar nan ko biyu ce amsar ta huɗu ko rabi, sai ya tsaya yana tunani, wace ta huɗu?